Kawu Bushta da Babur Ɗan Saba'in da Huɗu

Ku yi haƙuri da rubutun nan, ban iya ba. A bayan littafin tarihi nake yi, a saman bene wajen shanya, in na ji tafiya sai in rufe. In kun ga layi ya karkace, gwiwata ce tebur. Kuma don Allah kar wanda ya gaya wa Kawu Bushta, gida ɗaya muke, kuma har yau cewa yake da gangan ya yi.

Kawu Bushta yayan mamata ne. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gidan waya na garinmu Maknas, da ya yi ritaya sai ya kwashe kayansa ya koma gidan shayin Allal, inda masu tsofaffin babura ke zama. Su goma sha ɗaya ne. Baburan irin manyan nan ne baƙaƙe na tafiya mai nisa, masu akwati a kowane gefe, duk kamfani ɗaya ya ƙera su, shekara ce kawai ta bambanta. A kan wannan shekarar suke faɗa tun kafin a haife ni.

Duk shekara, in sanyi ya wuce ciyawa ta fito, sukan yi jerin gwano zuwa dajin Azru ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mako guda kafin tafiyar sai su zauna su zaɓi shekarar da ta fi kowace. Wanda babur ɗinsa na wannan shekarar ne, shi ke gaba, da koriyar tuta a bayansa.

Na Kawu ɗan saba'in da shida ne. Wato ba nasa ba ne. Na marigayi Hajj Sadik ne, uban matarsa Lalla Kanza, ita ta gada. Kullum da safe da kanta take goge tankin da tsumma kafin ta ɗora shayi. Shekara ashirin Kawu yana hawa, bai taɓa mutuwa masa a hanya ba, maɓalli kawai zai danna ya tashi. Amma har ranar, ko mai sayar da na'ana'a in ya ji ƙararsa sai ya ce, "Ga babur ɗin Hajj Sadik nan." Wannan maganar ita ke cin Kawu.

Ranar zaɓe, da aka zo kan saba'in da shida, Kawu ya ajiye kofinsa.

"Saba'in da shida? Wannan ai keken ɗinki ne aka sa wa taya. Babur da maɓalli? Ko kakata sai ta tayar da shi. Babur na maza ya ƙare a saba'in da huɗu, daga nan sai suka koma ƙera wa masu ciwon baya."

Hajj Jilali, wanda shi ne babbansu, ya ce, "Si Bushta, ai shi kake hawa."

"Shi ya sa na san aibinsa, Sidi. Ku daga nesa kuke gani."

"To shi ɗan saba'in da huɗun, ka taɓa hawa?"

Kawu ya yi wata dariya ta tausayi. "Tambayi hanyar Arfud. Kwana biyu ina kansa ban sauka ba. Guguwa ta taso, na naɗe fuskata da rawani, ban ganin komai, babur ya kai kansa. Da muka isa, ni na gaji, shi ko numfashinsa bai canza ba."

Mama ta ce gaskiya ne ya taɓa hawa, sau ɗaya, a baya aka goya shi daga tashar jirgi zuwa gida, kuma sai da ya yage wa mai tuƙin riga don riƙo.

Haka Kawu ya yi ta yi. Ya kwaikwayi ƙarar injin da bakinsa. Ya tashi ya nuna yadda ake buga kik har ya ture wa Allal kujera. Aka sha butar shayi uku. A ƙarshe mutane suka ɗaga hannu, wasu don sun yarda, wasu don abincin rana na sanyi a gida. Saba'in da huɗu ta ci.

Kawu ya miƙe, ya gyara jallabarsa, doguwar rigar nan mai hula a haɗe, ya miƙa hannu. Hajj Jilali ya ɗauko tuta, ya wuce da ita ta saman kafaɗar Kawu, ya ba Si Madani mai ɗinkin katifa, wanda tun safe bai ce uffan ba, yana zaune a lungu yana shafa gwiwarsa mai ciwo. Duk cikinsu shi kaɗai ke da ɗan saba'in da huɗu.

"Na gode, Si Bushta," in ji Si Madani. "Shekara tara ina son tutar nan, ban iya magana ba. Allah ya bar mana bakinka."

Hannun Kawu na nan a miƙe. Sai ya mayar da shi kamar dama ƙuda yake kora. Amma kafin ya zauna dabara ta zo masa, kuma dabarun Kawu da gudu suke zuwa.

"Si Madani, mu yi musaya."

Hajj Jilali ya ce, "Ka san dokar musaya dai?"

"Ni na rubuta ta."

"Ni na rubuta ta, kai ka buga hatimi. Bari in tuna maka. Kowa ya tafi da na ɗan'uwansa yau. Ranar Juma'a, da zarar tuta ta fita ƙofar gari, shi ke nan, ba a komawa. Wanda ya fasa kafin nan, sai ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa shekarar da yake so a mayar masa ita ta fi."

"Ranar da zan ce saba'in da shida ta fi, ku aske min gashin baki."

"Kuma na Lalla Kanza ne babur ɗin."

"Abin da ke gidana ni na san shi, Sidi."

Si Madani ya dubi gwiwarsa, ya dubi maɓallin babur ɗin Hajj Sadik, har idonsa ya kawo ruwa. Amma mutum ne mai tsoron Allah, sai ya ce, "To ka saurara in gaya maka halinsa. Birkin hannu gaisuwa ce kawai, kar ka dogara da shi. Na biyu, ƙafafun ba kamar naka ba ne. A wannan, giya na dama, birki na hagu. Sai daga saba'in da biyar suka juya su. Na uku..."

"Si Madani, ni za ka koya wa? Kana ɗinkin matashi lokacin da nake hanyar Arfud."

Ba wanda ya taɓa jin na ukun.

Da ƙafa Kawu ya kawo babur gida, yana turawa, don ya buga kik sau takwas a ƙofar Allal bai tashi ba. Ya ce wa mutane ba a hawan babur ranar farko, sai ya fara sanin unguwa. Lalla Kanza na tsakar gida tana tsince alkama ya turo shi soro yana haki.

"Wannan fa?"

"Aro ne. Na Hajj na kai a wanke masa ciki."

"Me ya ci?"

"Harkar inji ce, Kanza, ba za ki gane ba."

"Da safe na goge shi, lafiyarsa ƙalau." Ta dubi ƙasa. Baƙin mai na ɗiga a kan tayil ɗin da ta wanke, ɗis, ɗis. "Shi kuma wannan fitsari yake?"

"Gumi ne. Babur mai lafiya ne ke gumi."

"To ka shimfiɗa masa tsumma, ko ka kwanta a ƙarƙashinsa."

Washegari da hantsi ya fito da shi lungu. Ya naɗe jallaba, ya hau, ya yi bismilla, ya taka kik. Babur ya yi tari ya yi shiru. Ya sake. Tagogi suka fara buɗewa. Lalla Rakiya, maƙwabciyarmu ta sama, ta jawo kujera ta zauna a taga da kwanon wake tana ɓarewa.

"Sha biyu ke nan, Si Bushta."

"Ɗumama shi nake."

"Kai dai ka ɗumama, muna gani. Shi kam da sauransa."

A ta sha bakwai Kawu ya tattara duk nauyinsa ya dira. Ƙarfen kik ya dawo masa da ƙarfi, ya ɗaga shi sama, takalminsa ya tashi ya bi iska ya faɗa cikin kwanon waken Lalla Rakiya. Ta ɗauko shi da yatsa biyu ta duba.

"Wannan dai ya riga ku tashi," ta ce. "In aika da shi Azru ya jira ku?"

Ranar Litinin babur ya tashi. Ƙarar da ya yi sai da tantabarun unguwa suka watse. Kawu ya dubi tagogi ɗaya bayan ɗaya, ya saki kulochi, ya gangara lungu kamar ango. A bakin lungu akwai kwana, a kwanar akwai mai na'ana'a da tabarmarsa. Ƙafar Kawu ta dama, wadda ta yi shekara ashirin tana taka birki, ta yi abin da ta saba. Babur ya ƙara giya, ya yi tsalle, ya bi ta kan tabarma. Sai bangon gidan burodi ne ya tsayar da su.

Mai na'ana'a ya zo yana kaɗe gwiwa. "Sidi, da ka ce dami nawa kake so, da na kawo maka har gida."

"Kai ka shimfiɗa a hanya."

"Tun zamanin Hajj Sadik nake nan. Babur ɗinsa bai taɓa taka min ganye ba."

Kwana biyu lungunmu na ƙamshin shayi.

A nan Kawu ya gane matsalar ba tasa ba ce, ta ƙafafunsa ce, ba su da ilimi. Ya zauna a soro ya yi musu bayani a hankali, yana nuna kowace da yatsa. Ya gwada da yamma, ta dama ta sake taka giya, suka shiga cikin igiyar shanyar mai rini, ya dawo da zare shuɗi a wuya. Sai dabara ta biyu ta zo.

Ya ɗauko sabon takalminsa na balga, silifas ɗin fata mai rufaffen baki, ruwan ɗorawa, wanda ya ajiye tun Sallah bai sa ba. Ya ɗauko ragowar jan fentin ƙofa. Ya shafe ƙafa ɗaya tas, ya shanya a rana.

"Ja birki ne," ya ce wa Mama da ta tsaya kallonsa. "In sa ja a hagu. In na so tsayawa, in duba ƙasa, inda ja yake nan zan taka. Turawan da suka ƙera babur ɗin ma ba su yi wannan tunanin ba."

"Ai ba su da lokaci, Yaya."

Fentin bai gama bushewa ba ya sa, don haka har yanzu akwai sawun ƙafa ɗaya ja daga soro zuwa ƙofar ɗakinsa, kamar mai ƙafa guda ya zo gaisuwa.

Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Ranar Laraba ya tsaya sau huɗu, duk a inda ya so. Na biyar ne, yana duban takalmi bai dubi hanya ba, sai ga jakin mai tulun gas. Jakin bai ji komai ba. Madubin hagu ne ya tafi.

"Madubi ɗaya ya isa," in ji Kawu. "Na gaba ba ya duban baya."

Ranar Alhamis a gidan shayi, Si Madani ya iso a kan babur ɗin Hajj Sadik. Ya kashe. Ya danna maɓalli ya tashi. Ya sake kashewa, ya sake dannawa, yana murmushi shi kaɗai. Tun da ya karɓa, ɗingishinsa ma ya ragu. Kawu ya iso bayansa, ƙafa ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa, goshi da ƙulu.

Allal ya ajiye masa shayi. "Si Bushta, takalmin nan ɗan wace shekara ne?"

"Na waɗanda suka san abin da suke yi ne."

Hajj Jilali ya jawo shi gefe. "Kalma biyar ce fa. Ka faɗa yanzu, mu goma ne, duk tsofaffi, gobe mun manta. Ka mayar wa baiwar Allah da kayan ubanta."

Kawu ya dubi babur ɗin Hajj Sadik yana sheƙi a rana. Cinyarsa na zogi, ƙafarsa ta kumbura. Ya buɗe baki. Daidai lokacin wani mai wucewa ya ce, "A'a, Si Madani, kai ne yau a kan babur ɗin Hajj Sadik?"

Kawu ya rufe bakinsa. Ya ce, "Gobe ku yi ƙoƙari ku biyo ni, ba na jira."

A gida Lalla Kanza ta ajiye masa abinci ta tsaya. "Cikin bai wanku ba har yanzu?"

"Gobe in sha Allahu."

"Gobe in na dawo daga gidan wankan unguwa ina son in same shi a soron nan. Wannan mai gumin kuma ya koma wa masu shi."

"Za ki gan shi gobe," in ji Kawu, kuma a nan dai bai yi ƙarya ba.

Juma'a ta zo. A masallaci ya haɗa takalman ya cusa a leda don kar yara su yi dariya. Da aka sallame, mutane suka kewaye shi a bakin ƙofa, don labarin tafiyar ya bazu. Ya zazzage takalman ƙasa yana ba da labarin Arfud, wanda zuwa ranar ya zama kwana huɗu har da kura. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗaya, idonsa na kan masu sauraro. To kun san sabon balga ba shi da hagu ba shi da dama, duk yanka ɗaya ne, sai ƙafa ta daɗe a ciki take koya masa. Nasa kwana uku kawai ya yi, bai koyi komai ba.

Babura goma sha ɗaya suka jeru a ƙofar Allal. Aka ɗaura koriyar tuta a bayan Kawu. Ya hau, ya taka kik sau ɗaya, babur ya tashi. Wannan shi ne mafi munin abin da ya same shi a makon, don daga nan kansa ya ƙara girma har hular jallaba ta matse shi.

"Kun ji?" ya ce. "Ya gane mai shi."

Daga gidan Allal zuwa ƙofar gari gangara ce miƙaƙƙiya. A ƙasa hanya ta ɗan karya hagu, a daidai karyar akwai gidan wanka, a gefensa kuma tsibin dusar katako da ake hura wutar ruwan zafi da ita, ranar an kawo sabuwa, ta fi mutum tsayi. Daga nan zuwa ƙofa bai fi taku hamsin ba.

Kawu ya gangaro, tuta na kaɗawa, mutane na tafi a gefen hanya. Ya ɗaga musu hannu har sau biyu. Da kwana ta matso, ya duba ƙasa kamar yadda ya koya wa kansa. Ja na dama. Har daɗi ya ji, ga ido da ƙafa sun yi shawara ɗaya yau. Ya taka.

Babur ya ƙara giya. Kawu ya sake dubawa, ja dai na dama, ya sake takawa da ƙarfi. Babur ya sake ƙarawa. Ya matse birkin hannu, birkin hannu ya gaishe shi. Ya taka na uku, ba sauran giya, sai gudu. Mutanen da ke tafi suka ɗauka gwaninta ce, suka ƙara. Hanya ta karya hagu, Kawu bai karya ba.

Ba a ji ƙara ba ma. Wani "buf" kawai, sai dusa ta tashi sama ta rufe rana, ta dawo a hankali a kan kowa. Da ta lafa, ba a ganin komai sai tayar baya tana juyawa, da ƙafa ɗaya mai jan takalmi tana ta taka iska. Tuta ta tsinke ta faɗi tsakiyar hanya.

Lokacin ne mata ke fitowa daga wanka, da bokitai, fuskoki jajaye, kawuna a naɗe. Lalla Kanza na gaba, Lalla Rakiya na bayanta.

"Wannan ƙafar na san ta," in ji Lalla Rakiya. "Takalminta ya taɓa ziyartata."

Mutum biyu suka ja ƙafar, Kawu ya fito zaune, dusa a gira, dusa a gashin baki, dusa cike da hular jallaba. Ba abin da ya karye. Ya tofar, ya ce, "Iska ce. Kun ga yadda ta juya?"

Kowa ya riga ya juya yana kallon hanya. Dokarsu ce in na gaba ya faɗi, na biyu ya ɗauki tuta. Na biyu Si Madani ne. Ya sunkuya ya ɗauka, ya soke ta a bayansa, ya nufi ƙofar gari a hankali, ƙafafunsa na jan ƙasa, idonsa a madubi.

Lalla Kanza ta bi shi da kallo. "Wancan ba babur ɗin Babana ba ne?"

"Gwada shi yake," in ji Kawu. "Bayan wankin ciki sai an..."

"Lalla," in ji Hajj Jilali, ya kashe injinsa, "ki gafarce mu, mun ɗauka da saninki." Ya gaya mata komai a taƙaice: musaya, da ƙofa, da kalmomin da za a faɗa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye bokitinta, ta gyara mayafi. "Si Bushta," ta ce, kuma ba ta ce masa Si sai in abu ya ɓaci, "taku talatin ya rage."

"Kanza, a gaban mutane?"

"A gabansu ka bayar."

Kawu ya gyara murya. "To, gaskiya kowace shekara da irin nata..."

"Ba haka dokar ta ce ba," in ji Hajj Jilali.

"Saba'in da shida ba laifi, ga mai son irin wannan."

"Ashirin," in ji Lalla Kanza.

"Ta wani fannin, in aka duba maɓalli..."

"In ya fita ƙofar nan, ka bi shi. Gidan da kake kwana ma tare da babur ɗin na gada, kar ka yi musayarsa da shago."

Matan suka ajiye bokitai gaba ɗaya, wasu suka zauna a kai. Si Madani ya kai inuwar ƙofa. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce wani abu cikin gashin baki.

Si Madani ya sa hannu a kunne ba tare da ya juyo ba. Injin babur ɗin Hajj Sadik ko kyanwa ta fi shi ƙara, amma ranar wai ya hana shi ji.

"Goma."

Kawu ya miƙe tsaye, dusa na zuba daga jikinsa, ya buɗe muryar nan da ya ci zaɓe da ita. "Saba'in da shida ta fi!"

Si Madani ya taka birki da ƙafar dama, babur ya tsaya cak, tayar gaba a bakin ƙofa. Ya zauna jim kaɗan yana shafa maɓallin da babban yatsa. Sannan ya juyo da shi, ya kawo har gaban Lalla Kanza, ya zare makulli ya miƙa mata da hannu biyu.

"Allah ya jiƙan Hajj," ya ce. "Ya san abin da ya saya."

"Amin, Si Madani. Allah ya ba gwiwa lafiya."

Aka tono ɗan saba'in da huɗu. Si Madani ya hure dusar da ke kan tanki, ya dubi inda madubi yake a da. Ya taɓa wani ɗan abu a ƙarƙashin tanki, wataƙila shi ne na ukun, ya taka kik da gurguwar gwiwarsa sau ɗaya. Ya tashi. Babura goma suka fita ƙofa, tuta a gaba.

Kawu ya miƙa wa matarsa hannu. "Kawo makullin, in na yi sauri zan cim musu."

Ta jefa makulli cikin bokiti, tsakanin sabulu da soso, ta ɗauka. "Ba a hawan babur ranar farko," ta ce. "Sai ya fara sanin unguwa."

Haka ya turo shi gangarar nan zuwa sama, mata na biye da shi da bokitai. Da suka zo kwana, mai na'ana'a ya janye tabarmarsa tun daga nesa.

Ranar Lahadi ya koma gidan shayi da ƙafa. Allal ya ajiye masa reza a gefen kofi, saboda maganar gashin baki, Kawu ya yi kamar bai gani ba. Ya ce da gangan ya yi, don ya nuna musu haɗarin ɗan saba'in da huɗu kafin ya kashe wani. Ya ce shi tun fil'azal ɗan saba'in da shida ne, a tambayi hanyar Arfud.

Abu ɗaya dai ya samu. Yanzu ba wanda ke cewa babur ɗin Hajj Sadik. Duk unguwa, har mai na'ana'a, babur ɗin Lalla Kanza suke cewa, kuma in Kawu zai hau sai ya gaya mata inda za shi da lokacin dawowa.

Makullin kuwa ya duba ko'ina, har cikin tukunyar kuskus, bai gani ba. Ni na san inda yake, don ni ta aika in ajiye. Ga shi can ƙasa yana ta kirana, Nuzha, Nuzha, wai in zo in riƙe masa tsani zai duba saman kabad. Ba a can yake ba. Yana cikin jan takalmin nan da ya rantse ba zai ƙara taɓawa ba, a bayan ƙofar soro, kuma in ya hawo benen nan ya same ni da